Mai sayen zinare shi ya kamata ya biya kuɗin gwada ruwanmu

Ƙasar da Sagnarigu da Tamale ke zaune a kanta ba ta zinare ba ce. Duwatsun da ke ƙarƙashinmu irin na kwarin Volta ne, dutsen yashi da na laka da suka kwanta bisa juna, waɗanda ko ruwa da ƙyar suke bayarwa, balle zinare. Shi ya sa idan zancen galamsi, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ya taso a majalisar dattawa ko a rediyo, da yawanmu mukan ji shi kamar labarin wata ƙasa: kogin Pra ya koma jajawur da laka, Ankobra da Offin da Birim sun lalace, a ce Allah ya kyauta, a koma zancen farashin masara. A ganina wannan natsuwar tamu ba ta da tushe, domin abin da kawai ta dogara da shi shi ne ba mu ga komai da idonmu ba. Gubar da ta fi muni a harkar haƙar zinare kuwa, wato zaiba, wadda wasu ke kira makuri, ba ta canza wa ruwa launi, ba ta ba shi wari ko ɗanɗano. Abin da nake so in kafa hujja a kai shi ne wannan: tun da gwamnatin Ghana ta mai da kanta ita kaɗai ke da ikon saye da fitar da zinaren ƙananan mahaƙa, to nauyin auna zaibar da ke shiga ruwa da kifi da jikin mutanen arewa, da nauyin raba sana'ar da zaiba, ya hau wuyanta, kuma daga kuɗin zinaren ya kamata a biya.

Mu fara da inda ruwanmu ke fitowa. Famfon Tamale da Sagnarigu daga kogin Farin Volta yake sha: ana jan ruwan a Nawuni, a tace shi a Dalun cikin gundumar Kumbungu, a turo shi gari. An gina matatar tun farkon shekarun 1970, aka faɗaɗa ta a 2008, garin kuwa bai tsaya jiranta ba. Ƙidayar 2010 ta samu mutum ƙasa da dubu 150 a yankin da ya zama gundumar Sagnarigu a 2012, ƙidayar 2021 ta samu sama da dubu 340. A watan Yulin 2020 aka aza harsashin sabon aikin ruwa da zai ja daga Yapei, shekaru suka shuɗe ba a ga ruwansa ba. Sakamakon kowa ya san shi. A Kalpohin da Gurugu da Jisonayili da Malshegu, idan rani ya yi tsakiya famfo kan daɗe bai tsiyayo ba, sai jarkoki masu ruwan ɗorawa ɗaure a bayan keke da babur, sai tanka ga mai hali, sai rijiya da dam ga mara shi. Matar da ta ɗebo ruwan dam takan jefa alif a cikin duro, ta jira laka ta kwanta, ta tsiyaye na sama, in akwai itace ta tafasa na shan yara. Iyakar gwajin da ruwan zai samu ke nan, ido ya ga ya washe, hanci bai ji wari ba. Dabarar tana rage laka da ƙwayoyin cuta, kuma ta ceci rayuka masu yawa, amma tafasa ba ta fitar da ƙarfe mai guba da ya riga ya narke a ruwa.

Farin Volta kuma ba a Nawuni ya fara ba. Daga Burkina Faso ya taso, inda ake ce masa Nakanbe, ƙasar da ke da ɗaruruwan wuraren haƙar zinare na hannu. Ya ratsa madatsar Bagre, ya shigo Ghana ta wajen Bawku, ya bi gefen ƙasar Talensi, Jan Volta ya zubo masa daga ɓangaren Nangodi, sannan ya gangaro mana. A Talensi da Nabdam an shafe shekaru fiye da ashirin ana haƙa a Gbane da Datuku da Nangodi, har sansanonin mahaƙa suka ari sunayen kudu, akwai Obuasi, akwai Tarkwa, akwai Kejetia. Ta yamma kuma Baƙin Volta ya ratsa ƙasar Bole, inda Tinga da Dakrupe suka yi suna da zinare, ya wuce madatsar Bui ya iso Buipe. Bandar kifin da ake kasawa a kasuwar Aboabo daga Yapei da Buipe da Yeji take zuwa. Duk wanda ya shimfiɗa taswira a gabansa zai ga cewa a gindin masu haƙa muke zaune ta hanyoyi biyu.

Ya kamata mai karatu ya ga yadda zaiba ke shiga aikin, domin a nan ne matsalar da maganinta suke. Ana fito da dutse daga rami cikin buhuna, a farfasa shi da guduma, a niƙa shi a inji har ya zama gari, mata su tankaɗe, ƙura ta rufe musu gira da hanci. Sai a wanke garin a kan wani katako mai gangare da aka shimfiɗa wa bargo, a ɗauraye bargon a cikin baho, baƙin yashi mai nauyi ya kwanta a ƙasa. A nan ake tsiyaya zaiba daga 'yar kwalba, yaro ya murza ta cikin yashin da hannu ba safar hannu, ita kuma ta bi ta kama ƙwayoyin zinaren da ido ba ya gani. A juye a ƙyalle a matse, zaibar da ta yi saura ta tsattsafo ta saƙar ƙyallen, abin da ya rage ɗan dunƙule ne fari-fari, kusan rabinsa zaiba rabinsa zinare. Wannan dunƙulen ake ɗorawa a cokali ko murfin gwangwani bisa garwashi, a sunkuya a hura da baki. Zaiba ta tashi tururi, zinare ya saura. Ruwan bahon a watsar a ƙasa ko cikin kududdufin wanki, yashin da aka gama da shi a tara shi tudu, da ɗigon zaiba a cikinsa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa wannan sana'ar ita ce kan gaba wajen fitar da zaiba cikin iskar duniya, kusan kashi 38 cikin 100 na abin da ɗan Adam ke fitarwa, ta ma fi ƙona kwal.

Illar zaiba ga jiki ta danganta ne da siffar da ta shiga da ita. Tururin da mai hura garwashi ke shaƙa, kusan kashi 80 cikin 100 nasa huhu ke zuƙewa ya kai jini, daga jini ya kai ƙwaƙwalwa da ƙoda. Alamunsa makyarkyatar hannu, rashin barci, mantuwa, saurin fushi da tsorata, kumburin dasashi. Wadda ta narke cikin ruwa a matsayin gishirin zaiba ƙoda take ci, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a ruwan sha maikirogiram 6 a kowace lita. Siffa ta uku ita ce mafi sharri. Idan zaiba ta kwanta a lakar gindin kogi ko dam inda iska ba ta kaiwa, wasu ƙwayoyin halitta kan juya ta ta koma wata guba da ke mannewa a tsoka. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙaramin, gubar tana taruwa tana ninkuwa, har ta fi yawa a manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu irin su giwan ruwa da tsage. Gasawa ko banda ko soya ba sa fitar da ita. Mace mai ciki ta ci, gubar ta ratsa mabiyiya ta samu ƙwaƙwalwar ɗan tayi lokacin da take ginuwa. Uwa tana iya zama garau, yaro ya zo da jinkirin tafiya da magana da wahalar karatu, kuma ba mai cewa kifi ne, domin shekaru sun shiga tsakani.

Wani masani zai iya tare ni ya ce na haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Zaibar kwalba da ƙyar take narkewa a ruwa, laka da ruɓaɓɓen ganye suna riƙe ta, kuma tsakanin Gbane da Sagnarigu tafiyar fiye da kilomita 150 ce, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba zai ɗauko ta daga can ya kawo rijiyar Kanvili ba. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai tsoratar da mutane da akasin haka bai yi musu adalci ba. Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Tulin yashin da aka tara da zaiba a ciki ya zama haja, ana sayensa buhu-buhu da tifa-tifa a jiƙa shi da sinadarin sayanaid domin a tatso zinaren da ya rage. Sayanaid kuwa yana haɗuwa da zaiba ya mai da ita mai narkewa da tafiya cikin ruwa, daga ramin jiƙon ta tsiyaya zuwa rafi da rijiyoyi marasa zurfi. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda Ghana ta amince da ita a 2017, ta ambaci wannan aikin ƙarara cikin munanan ayyuka huɗu da ake so a kawar, tare da zuba zaiba a ɗaukacin garin dutse, da ƙona dunƙule a fili, da ƙona shi a cikin unguwa. Waɗanda rijiyoyinsu ke cikin haɗari kai tsaye su ne mazauna garuruwan haƙa, kuma a cikinsu akwai namu. Binciken da hukumar kare muhalli ta Ghana da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2025 ya samu cewa a Zangon Konongo, cikin ƙasar Asante, matsakaicin zaibar da ke cikin ƙasar unguwar ya haura kashi 56 cikin miliyan, alhali ma'aunin aminci da suka yi aiki da shi 10 ne. Ƙasar da yaran zango ke rarrafe a kai ke nan, ƙasar da aka haƙa rijiyoyi a cikinta. A nan arewa ma, wani bincike da masana daga jami'ar Michigan ta Amurka da abokan aikinsu na Ghana suka wallafa a 2010 ya gwada mutum 120 a yankin Talensi da Nabdam, ya samu fiye da kashi ɗaya cikin biyar da zaiba mai yawa a fitsarinsu, kashi 5 cikin 100 kuma sun haura iyakar da aka sa wa ma'aikata. Wannan tun kafin farashin zinare ya yi tashin da ya yi ne, ya wuce dala 3,000 kowane oza a watan Maris na 2025, ya wuce 4,000 a watan Oktoba.

Mu a Sagnarigu ta saman ƙasa za ta zo mana. Za ta zo cikin lakar da kogi ke ɗaukowa, musamman idan damina ta yi nisa aka buɗe madatsar Bagre, ruwa ya share gaɓa ya kwashe abin da aka tara tun rani. Za ta zo cikin kifi. Za ta zo a jikin samarinmu da ke tafiya Bole da Talensi da kudu neman abin aure da kuɗin babur, su dawo da hannu yana rawa, a ce iska ce ko ƙwaya. Kuma tana iya zuwa cikin aljihu, domin zinaren da aka ƙona a daji bai gama rabuwa da zaiba ba, mai saye yakan sake ƙona shi a shagonsa ko bayan gidansa, cikin gari, kusa da mai sayar da koko da makarantar allo. Ba zargin matatar Dalun nake yi ba. Tacewa irin tata tana kwashe mafi yawan abin da ya manne wa laka. Amma rabin gari ba daga Dalun yake sha kullum ba, kuma magidanci bai da wani allo ko shirin rediyo da zai ji adadin zaibar da aka samu a Nawuni a watan jiya. Binciken da ake yi jefi-jefi ne, ya ƙare a mujallun jami'a da Turanci.

Akwai masu cewa, in da gaske ne, ina marasa lafiyar? Wannan tambayar ita ta halaka mutanen Minamata a Japan. Kamfanin Chisso ya fara zuba ruwan masana'antarsa mai zaiba a gaɓar teku tun 1932. A watan Mayun 1956 aka fara ba da rahoton cutar a hukumance, bayan kyanwoyin garin sun daɗe suna haukacewa suna faɗawa teku. A 1959 masanan jami'ar Kumamoto suka nuna zaiba ce. Gwamnati ba ta amince a hukumance ba sai 1968, shekara goma sha biyu ana ta jayayya a kan hujja, masunta suna cin kifi, mata suna haihuwar yaran da ba za su taɓa tafiya ba. Zuwa 2001 an tabbatar da majinyata 2,265, kuma 1,784 daga cikinsu sun riga sun rasu. Mu Hausawa ma ba sai mun je Japan ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da sababbin kaburburan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, Dareta da Yargalma da Abare da Bagega. Gubar dalma ce a can, wata guba daban, amma daga dutsen zinare ta fito, wanda ake niƙawa a tsakar gida. Yara aƙalla 400 suka mutu. Bagega ba a fara share ta ba sai 2013, saboda jiran kuɗi. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira cikin jihar Neja. Dalma ma da take kashe yaro da farfaɗiya a gaban kowa sai da aka yi asarar ɗaruruwa kafin a farga, to ina ga zaiba da ke rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da ta kwantar da shi ba? Likita ba zai rubuta cutar da ba shi da na'urar gwada ta ba. Rashin sunanta a rajistar asibiti ba shaidar rashinta a gari ba ne.

Hujjar da ta fi nauyi a wajen masu kare galamsi ita ce ta abinci, kuma ban raina ta ba. Ana ƙiyasta kusan mutum miliyan ɗaya ke cin abinci kai tsaye daga ƙananan ramuka a Ghana. A arewa damina ɗaya ce, daga Nuwamba zuwa Mayu saurayi ba shi da aikin gona, masana'anta kuwa babu. Wanda ya ce a rufe ramuka gobe da safe sai ya faɗi abin da za a ci jibi. An ma gwada. A 2017 aka dakatar da ƙananan mahaƙa baki ɗaya, aka tura sojoji da 'yan sanda ƙarƙashin rundunar Vanguard, ba a ɗage takunkumin ba sai Disambar 2018. A 2019 aka ƙara hukunci ya kai ɗaurin shekara 15 zuwa 25. A 2021 aka riƙa ƙone motocin haƙa a bakin koguna. Duk da haka a watan Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya sanar cewa laka a mashigar matatar Sekyere Hemang da ke kan kogin Pra ta kai ma'auni 14,000, alhali an gina matatar don 2,000. Soja yana korar mutum daga rami, ya koma wani dajin da kwalbarsa a aljihu, ya riƙa ƙonawa a ɗaki da dare don kada a gan shi, wanda ya fi ƙonawa a fili illa ga matarsa da 'ya'yansa. Abin mamaki kuma, zaibar kanta doka ba ta haramta ta ba. Dokar zaiba ta 1989 da sashe na 96 na dokar ma'adinai ta 2006 sun yarda mai lasisi ya saye ta daga dillalin da aka amince da shi. Ana farautar yaro mai baho, kwalbar da ke hannunsa kuwa tana da takardar izini.

Ghana ba ta haƙo zaiba, duk ɗigon da ke Gbane shigo da shi aka yi, ta tashar ruwa ko ta iyaka a ɓoye, duk da Tarayyar Turai ta hana fitar da ita tun 2011, Amurka kuma tun 2013. Wanda ke kai ta bakin rami sau da yawa shi ne mai ɗaukar nauyin ramin, wanda yara ke kira sifonsa: ya ba da man inji da abinci da zaiba bashi, da sharaɗin shi za a sayar wa zinaren. Ma'ana hannun da ke miƙa guba shi ne hannun da ke karɓar zinare. Nan ne abin da ya faru a 2025 ya canza lissafi. Majalisa ta kafa hukumar zinare ta ƙasa, GoldBod, ta ba ta ikon saye da aunawa da fitar da duk zinaren ƙananan mahaƙa, ta hannun masu saye da ta ba lasisi, aka kuma fitar da baƙi daga cinikin cikin gida. Biliyoyin daloli suka shigo, kuɗin ƙasar, sidi, ya farfaɗo, gwamnati ta yi ta shelar nasara, kuma ta cancanci yabo a kan toshe fasa-ƙwauri. Amma wanda ya zama shi kaɗai ne mai saye ba zai ce bai san yadda aka samo hajar ba. Mahauci ba ya sayen saniya ya ce babu ruwansa da ko yanka ta aka yi ko mushe ce. Ƙasa tana cin ribar zinaren da aka kama da zaiba, gubar tana kwanciya a kogin da Nawuni ke ja. Adalci ya nuna a cire kuɗin ɓarnar daga ribar.

Abin da nake nema ba gagarumin abu ba ne idan aka auna shi da kuɗin da ke shigowa. A ware wani ɗan kaso tabbatacce daga kowane giram da hukumar ta saya, a rubuta shi a doka don kada ya zama kyautar da minista zai bayar yau ya hana gobe. Da shi a riƙa ɗibar ruwa da laka a Nawuni da Yapei da Buipe, da rijiyoyin garuruwan haƙa, da manyan dam-dam da unguwanninmu ke sha, a tsakiyar rani da kuma bayan ambaliya. A riƙa sayen kifi a kasuwa kamar yadda uwargida ke saye, a gwada shi iri-iri. Masu aikin suna nan: cibiyar binciken ruwa ta ƙasa tana da reshe a Tamale, hukumar albarkatun ruwa tana da ofishin kwarin Farin Volta a Bolgatanga, ga jami'ar UDS, ga asibitin koyarwa na Tamale da ya kamata ya iya gwada fitsarin mahaƙi da gashin mai ciki ba sai an aika kudu ba. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne a faɗi sakamakon a fili, da Dagbani da Hausa da Frafra da Gonja, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Idan ruwan Nawuni ya fito tsaf, mun samu kwanciyar hankali mai tushe, mun kuma samu ma'aunin da za a kwatanta da shi shekara biyar masu zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai auna kogi yana da lafiya ba, ba zai iya nuna ranar da ya lalace ba, balle wanda ya lalata shi.

Sauran kuɗin kuma a sa shi inda mahaƙi zai ji a aljihunsa. Akwai hanyoyin samun zinare ba zaiba: teburin girgiza da injin juyi masu ware zinare da nauyinsa, da narkar da baƙin yashin kai tsaye da boras, wanda masanan jami'ar ma'adinai ta Tarkwa suka ƙera wa murhu na musamman mai suna sika bukyia. Ko kafin a kai nan, akwai tukunyar ƙarfe mai bututu da ke kama tururin ta mayar da shi ruwa, wadda mai walda a Tamale zai iya ƙerawa. Za a ce an sha raba irin waɗannan kayan suka yi tsatsa a bayan ɗaki, kuma haka ne. Mahaƙi yana so ya ga zinarensa da idonsa yayin da yake ƙonewa, narkarwa ba ta dace da kowane irin dutse ba, zaiba kuma tana da sauri, mutum ɗaya ya gama cikin awa guda ya karɓi kuɗinsa. Kayan sun gaza ne saboda wanda ya wahala ya bar zaiba da wanda bai bari ba farashi ɗaya ake ba su. Mai saye guda ɗaya tilo shi ke da ikon canza wannan: ya ƙara wa zinaren da aka samo ba zaiba ɗan farashi, ya kafa wuraren sarrafa dutse na haɗin gwiwa a Tinga da Gbane inda mahaƙi zai tsaya a kan kayansa har a gama, ya ƙwace lasisin duk mai saye da aka kama yana raba zaiba ko yana ƙonawa cikin unguwa. Masu tsoron cewa haraji zai kori zinare zuwa Burkina da Togo suna da tarihi a bayansu, domin an ga haka lokacin da aka sa harajin kashi 3 cikin 100 a kan zinaren ƙananan mahaƙa, abin da ake fitarwa ta hanyar hukuma ya faɗi warwas a 2021. Shi ya sa na ce daga ribar hukuma za a cire, kada a taɓa farashin bakin rami.

Wani kuma zai ce taifot da gudawa su ke kashe yaranmu yau, a bar mu mu ji da su. Ba na musun wanne ya fi gaggawa. Kammala aikin Yapei zai ceci yara fiye da kowane gwajin zaiba a bana. Amma Yapei ma a kan Farin Volta take, duk famfon da za a ƙara mana daga kogin nan zai sha, don haka kare kogin da kawo famfon aiki ɗaya ne. Gudawa kuma tana da magani, yaro ya sha ruwan gishiri da sukari ya miƙe. Abin da zaiba ta ɓata a ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ya gyaruwa, ita kanta kuma ba ta ruɓewa, tana iya zama a lakar kogi shekaru aru-aru bayan an manta da sunan wanda ya zuba ta. Ba kuma ina cewa a daina cin kifi ba. Kifi shi ne naman talaka, hana mai ciki shi bisa jita-jita wata cutar ce. Gwaji ne kaɗai zai ba ungozoma damar cewa ci wannan, rage wancan.

Tamale ta riga ta biya farashi mai tsada a wannan yaƙin. Ranar 6 ga Agustan 2025 jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a hanyarsa ta zuwa Obuasi, inda za a ƙaddamar da shirin gyara harkar ƙananan mahaƙa, mutum takwas suka rasu, cikinsu har da ministan muhalli kuma ɗan majalisar Tamale ta Tsakiya, Alhaji Ibrahim Murtala Mohammed, Allah ya jiƙansu. Garin da ya yi wannan rashin yana da bakin magana. 'Yan majalisarmu na Sagnarigu da Tamale da Kumbungu su kai buƙatar kason gwajin gaban majalisar dokoki a rubuce. Majalisar gundumar Sagnarigu ta sa gwajin ƙarafa masu guba cikin sharuɗɗan duk mai sayar da ruwan tanka ko na leda, ta kuma hana ƙona zinare a cikin unguwa tun kafin shagunan su yi yawa. Fadar Sagnari-Naa da sarakunan zango da limaman Juma'a, waɗanda ke karantar da mu cewa ɓata mashayar jama'a haramun ne, su gaya wa iyaye alamun da za su duba a jikin ɗan da ya dawo daga rami, su gaya wa samarin kada su shigo da kwalba ko kayan aikinsu cikin ɗakin da mace mai ciki ke kwana. Ɗibar farko a Nawuni ya kamata a yi ta cikin watan Maris lokacin da kogi ya janye, ta biyu bayan an buɗe Bagre, a karanta sakamakon duka biyun a rediyo kafin shekara ta fita.